Garin da Caca ke Ciyarwa

Duk wanda ya saba zuwa sarin kaya a Guangzhou ya san ranakun nan na jira, lokacin da an gama ciniki, an biya kuɗi, amma masana'anta ba ta gama haɗa kaya ba, balle a yi maganar loda kwantena. A irin waɗannan ranaku na tsallaka zuwa Makau tare da ɗan yayata, wanda ke zaune a Guangzhou yana harkar aika kaya zuwa Kano. Tun daga gida na shirya wa tafiyar, domin tun 2010 ɗan Najeriya ba ya shiga Makau sai da bizar da ya nema kafin ya isa bakin iyaka, kuma in bizarsa ta Sin ta shiga ɗaya ce, to yana fita hanyar komawa ta toshe. Abin da ya kai ni wata gardama ce da ta daɗe tsakanina da yaron nan. A ganinsa, tunda an kasa hana caca, gara gwamnati ta halatta ta, ta ɗauke hannunta, ta bar kasuwa ta yi halinta, ita dai ta riƙa karɓar haraji. Duk lokacin da na musa sai ya ce, "Kawu, ka je Makau ka gani."

Daga tashar jirgin ƙasa ta kudancin Guangzhou zuwa Zhuhai tafiyar awa guda ce da 'yan mintoci. Kana fitowa, ga iyakar Gongbei a gabanka, makeken gini mai jan rufi, jama'a na kwarara cikinsa ba ƙaƙƙautawa. Ga tsofaffin mata da jakunkunan cefane, ga ɗalibai cikin kayan makaranta, ga ma'aikatan da tsadar haya ta sa suke kwana a Zhuhai su yi sammakon aiki a Makau. Sai kuma wasu masu yawan gaske da ba su riƙe da komai sai 'yar jaka rataye a ƙirji. Ɗan yayata ya nuna min su da haɓa, bai ce komai ba.

Ƙasa ɗaya ce amma doka biyu. A gefen da muka baro caca laifi ce, in ban da ta tikiti wadda gwamnati ke gudanarwa da kanta. A ɗaya gefen kuwa, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa, kuɗin caca ne ke biyan albashin malamin makaranta da ɗan sanda. Muna gama da jami'an shige da fice muka tarar da bas-bas a jere, kowace ɗauke da sunan wani gidan caca, 'yan mata cikin kayan aiki na ɗaga alluna suna kiran fasinja. Kyauta ake hawa, ba a tambayarka ko za ka yi wasa.

Na ce mu fara da tsohon gari. Nan ne dandalin Senado yake, daɓensa na ƙananan duwatsu baƙi da fari, da gine-gine masu launin ƙwai irin na Turawan Fotugal, sunan kowane layi a rubuce da harshen Sin da na Fotugal. Muka bi wani lungu cike da ƙamshin gasasshen nama da biskit har zuwa kufan cocin Saint Paul, wanda gobara ta cinye a 1835, bangon gaba kaɗai ya rage a tsaye a kan matakala. Turawan Fotugal sun zauna a wannan ɗan zirin ƙasa tun 1557, kuma garin ya daɗe yana cin abinci da fatauci tsakanin Sin da Japan da Indiya da Turai. Da Ingila ta karɓe Hong Kong a 1842, manyan jirage suka koma can saboda zurfin tashar ruwanta, kasuwar Makau ta durƙushe. Shekara biyar bayan nan, a 1847, gwamnatin mulkin mallaka ta halatta caca don ta sami abin tafiyar da mulki. Wannan tarihi ya tsaya min a rai. Masu kare caca kan kawo maganar 'yancin mutum ya yi abin da ya ga dama da dukiyarsa, amma a nan, inda abin ya fi daɗewa, baitulmali ne ya bushe aka nemi mafita.

A 1962 gwamnati ta damƙa dukan harkar a hannun kamfani guda, STDM na Stanley Ho, ya kuma riƙe ta shi kaɗai har shekara arba'in. Ƙarshen wannan zamani bai yi kyau ba. A shekarun 1990 ƙungiyoyin 'yan daba na asiri suka riƙa harbe-harbe da ƙona motoci a kan wa zai mallaki ɗakunan manyan 'yan caca, har sai da aka kama madugunsu Wan Kuok-koi a 1998 aka yi masa ɗaurin shekara 15. Caca halal ce a dokar garin a lokacin, amma hakan bai kori 'yan daba ba, cikin gidajen masu lasisi suka tare. Ranar 20 ga Disamba 1999 Makau ta koma hannun Sin. A 2002 aka buɗe kasuwa, kamfanonin Amurka da na Hong Kong suka shigo, masu lasisi suka zama shida. A 2003 Sin ta fara bai wa mutanenta izinin zuwa ɗaiɗai ba sai cikin ayari ba. Zuwa 2006 kuɗin da gidajen cacar Makau ke ci ya wuce na babban titin caca na Las Vegas, a 2013 kuwa ya kai biliyan 360 na pataka, kuɗin garin, wajen dala biliyan 45.

Daga tsohon gari duk inda ka ɗaga kai sai ka hango gidan cacar Grand Lisboa, dogon bene mai ruwan zinariya da aka yi wa siffar furen bado, ya yi wa tsofaffin gidaje rumfa. Amma abin da ya fi ɗauke min hankali yana ƙasa, a layukan da ke kewaye da shi: shagunan jingina ne birjik, fitilunsu a kunne dare da rana, tagoginsu cike da agogo da zobba da sarƙoƙi. Wasu kayan na waɗanda aka cinye ne, suka cire daga hannu don su koma teburi. Amma shagunan sun daɗe da wani aikin. Dokar Sin ta hana mutum fita da tsabar kuɗi fiye da yuan 20,000, don haka sai baƙo ya shiga shago ya yi kamar ya sayi agogo da katin banki, nan take ya mayar, a ba shi kuɗi a hannu bayan an cire la'ada. Hukumomi sun yi ta toshe wannan kafa, har a 2017 aka fara sa wa injinan cirar kuɗi na'urar tantance fuska ga masu katin bankunan Sin.

Da yamma muka hau ɗaya daga cikin bas-bas ɗin nan muka haye gada zuwa Cotai. Wurin a da ruwa ne tsakanin tsibiran Taipa da Coloane, aka cike shi da yashi aka kafa manyan otal-otal. Muka sauka a Venetian, wanda aka buɗe a 2007. A ciki an haƙa magudanan ruwa a hawa na sama, da kwale-kwale da matuƙa masu rera waƙa, an zana sararin samaniya a rufi yadda kullum za ka ga kamar la'asar ce sakaliya. Ko'ina za ka nufa, ɗakin kwana ko wurin cin abinci ko kantuna, hanyar sai ta bi da kai ta gefen zauren caca.

Na shiga don in gani da idona. Na yi zaton hayaniya da shaye-shaye, sai na tarar da mutane sun duƙufa kamar masu rubuta jarrabawa, mafi yawansu shayi ne a gefensu. Wasa ɗaya ne ya mamaye zauren, bakara, wasan karta da ba ya bukatar gwaninta ko kaɗan. Ana raba hannu biyu, ɗaya na banki ɗaya na ɗan wasa, kai kuma ka zuba a kan wanda kake zaton jimlarsa za ta fi kusa da tara. A teburin da na tsaya, mafi ƙarancin zubi dalar Hong Kong 1,000 ne, da yake da ita ake wasa ba da kuɗin garin ba. Wani dattijo da aka miƙa wa karta bai buɗe ta kai tsaye ba. Ya kwantar da kai, ya riƙa lanƙwasa gefenta a hankali yana leƙawa, na bayansa suna hura iska da baki wai don su kore lambar da ba a so. Kafin ya gama kartar ta tauye, aka jefar da ita. A gefen kowane teburi akwai allo mai jajaye da shuɗɗan ɗigo da ke nuna wanda ya ci a zagayen baya, mutane na nazarinsa suna neman salo, alhali abin da ya fito ɗazu ba ya gaya maka abin da zai fito yanzu. Gidan ne da kansa ya kafa musu allon.

Rabon gidan a bakara ɗan kaɗan ne, kashi ɗaya da 'yan ɗigo cikin ɗari. A nan dabarar take. Wanda ke zuba 1,000 a kowane zagaye, in ya yi zagaye ɗari ya juya 100,000, kuma bisa lissafi gidan ya riga ya yagi sama da 1,000 a jikinsa, ko da shi yana ganin ana ci ana ba shi. Ba sai an yi maguɗi ba. Abin da gidan ke bukata kawai shi ne ka daɗe a zaune, shi ya sa ba ka ganin agogo a bango ko tagar da za ta nuna maka gari ya waye.

"Kawu, dubi mutanen nan," in ji ɗan yayata. "Akwai wanda aka ɗaura wa igiya aka jawo shi?"

Na ce, "Babu. Amma wa ya biya kuɗin motar da ta kawo mu?"

Ya yi murmushi, ya ce mu fita ya nuna min ɗaya fuskar. Kuma gaskiya yana da abin nunawa. Gwamnatin Makau na karɓar kashi 40 cikin ɗari na duk abin da gidajen caca suka ci, kuma wannan ne kusan kashi 80 na kuɗin shigarta. Garin bai wuce murabba'in kilomita 33 ba, mutanensa ba su cika 700,000 ba, amma a 2019 ya karɓi baƙi sama da miliyan 39. Yara na karatu kyauta na shekara 15. Tun 2008 gwamnati ke raba wa 'yan gari tsabar kuɗi kowace shekara, abin da ya fara da pataka 5,000 ya kai 10,000. Aikin raba karta an keɓe shi ga 'yan gari kaɗai, kuma harkar na ɗauke da ma'aikata sama da 50,000. Tituna tsaf, motocin haya na zuwa a kan lokaci. Ban musa masa ko ɗaya ba, domin na gani.

Sai dai na roƙe shi ya sake duba wani abu. Shi yana haɗa magana biyu wuri guda, a halatta da kuma a ɗauke hannu. Makau ta yi ta farkon, amma ta biyun kullum nisa take ƙara yi da ita. Mai gadin da ya tsaya a ƙofar zauren yana duba fuskoki aikinsa ya tare duk wanda bai kai shekara 21 ba, domin a 2012 aka ɗaga daga 18. Ma'aikacin gwamnati ba ya shiga gidan caca sai a kwana ukun farko na sabuwar shekarar Sinawa. Tun ƙarshen 2019, mai raba karta ma ba ya shiga in ya tashi daga aiki, saboda an ga yadda masu yini suna kallon kuɗi na yawo a gabansu suke faɗawa ciki. Mutum na iya neman a hana shi shiga har tsawon shekara biyu, iyalinsa ma na iya nema masa in ya amince. Doka ta hana tallan wasannin caca, ba a ba kowa lasisin buɗe gidan caca a intanet ba, cacar ƙwallo kuma kamfani ɗaya ne ke gudanar da ita. Garin da ya fi kowa sanin wannan sana'a shi ne ke ta kange mutanensa daga gare ta. Singafo ma da ta buɗe gidajen caca biyu a 2010, baƙo na shiga kyauta, amma ɗan ƙasa sai ya biya kuɗin ƙofa, wanda a 2019 aka ɗaga zuwa dalar Singafo 150 a rana.

Akwai wuri ɗaya da Makau ta taɓa sakin linzami sosai, kuma an ga abin da ya biyo baya. Kotunan Sin ba sa karɓar ƙarar bashin caca, kuma attajiri ba ya iya fitar da miliyoyi ta iyaka. Sai wasu dillalai suka shiga tsakani. Su za su nemo mai kuɗi a garinsu, su kawo shi, su ba shi bashin abin wasa a ɗakin manya, gidan caca ya biya su la'ada a kan duk abin da ya juya, in ya koma gida kuma su bi shi su karɓi bashinsu ta hanyar da suka iya. A lokacin da abin ya kai ƙololuwa dillalan nan sun haura 200, kuma mafi yawan kuɗin shekarun bunƙasa ta hannunsu ya bi. Ta nan kuɗin sata na jami'an gwamnati ke sulalewa waje, ta nan ake tsare wanda ya kasa biya a ɗakin otal har sai danginsa sun aiko. Da shugaba Xi Jinping ya matsa wa masu cin hanci, kuɗin cacar Makau ya faɗi da kashi ɗaya bisa uku a 2015 kaɗai, abin da ya nuna ko dukiyar wa ake ci. A Nuwamba 2021 aka kama babban dillalin cikinsu, Alvin Chau na kamfanin Suncity, a Janairu 2023 aka yanke masa shekara 18. Yanzu dillalan da suka rage 'yan kaɗan ne, kuma tun 2024 an hana su ba da bashi. Ita kanta gwamnati ba ta tsira ba: sakataren ayyuka da sufuri na lokacin gine-ginen nan, Ao Man-long, an ɗaure shi shekara 27 a 2008 saboda cin hanci.

Washegari muka nemi masallaci. Ƙarami ne, a gefen madatsar ruwan gari, cikin harabar tsohuwar maƙabartar Musulmi mai inuwar bishiyoyi. Waɗanda muka yi sahu da su galibi 'yan ci-rani ne daga Indonesiya da Pakistan, masu gadi da masu aikin gida da na kicin. Daga nan muka taka zuwa unguwannin arewacin gari, kusa da iyakar da muka shigo. Benaye ne tsofaffi a cunkushe, tagogi da keji na ƙarfe, shanya a rataye a kan titi. Nan masu raba karta da masu share otal ke kwana, kuma tsadar gida ta sa sayen ɗaki ya gagari matasa da yawa. Wani ɗan'uwa da muka fito masallaci tare ya ba mu labarin lokacin annobar korona, yadda aka sallami abokan aikinsa suka koma ƙasashensu. A 2020 tattalin arzikin garin ya faɗi da fiye da rabi. A 2022 abin da gidajen caca suka ci bai wuce pataka biliyan 42 ba, daga biliyan 292 a 2019. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: gwamnatin da caca ke ciyarwa ba ta da zaɓi sai ta yi fatan baƙi su dawo su ci gaba da asara. Ita ma ta san haka, shi ya sa da aka sabunta lasisin kamfanoni shidan na shekara goma daga Janairu 2023, sai da aka sa su alkawarin zuba sama da pataka biliyan 100 a harkokin da ba caca ba.

A hanyar komawa Gongbei ɗan yayata ya ce, "Kawu, maganar ɗauke hannu na janye. Amma hani fa? Ga Sin nan ta hana, kuma 'ya'yanta ne suka cika teburan." Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Wajen kashi 70 cikin ɗari na baƙin Makau daga babban yankin Sin suke zuwa, mafi yawan sauran kuma daga Hong Kong. Wato haraji yana zama a Makau, amma shagon da ya rufe, da auren da ya mutu, da bashin da ya hau kan iyaye, duk suna can wani gari a lardin Guangdong ko Hunan, inda ba a rubuta su a lissafin kowa. Tsaftar titunan da na gani da wannan aka saye ta.

Ni dai matsayina bai ɓoyu ba. Addinina ya haramta caca, kuma abin da na gani bai ba ni dalilin ganin cewa a banza aka haramta ta ba. Amma ko da na ajiye wannan a gefe na yi magana da harshen masu lissafin haraji, misalin Makau ba ya aiki a wurinmu. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukuncin cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da ikon tsara nata. A daidai wannan lokaci Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a cikin birni, kuma ina goyon bayan hakan. Sai dai rufe shago ba ya rufe waya. Yaron da aka kora daga shago yana da manhaja a aljihunsa, talla na biyo shi a tsakiyar wasan ƙwallon da yake kallo, kuma tura kuɗi ba ya ɗaukar minti guda. Jihar da ta hana, aikinta bai ƙare ba sai ta kai ga talla da hanyoyin biyan kuɗi, ta kuma tanadi inda wanda abin ya riga ya kama zai je a taimake shi ba tare da an tozarta shi ba. Jihar da ta zaɓi ba da lasisi kuma, kada wani ya ruɗe ta da cewa sakin kasuwa shi ne ci gaba, alhali Makau kanta tana tantance shekaru a bakin ƙofa, ta hana talla, ta hana dillalai ba da bashi.

Mu ba mu da baƙi miliyan 39 da za su zo su zubar da kuɗi su koma da baƙin cikinsu gida. Wanda zai yi asarar da za a yanki haraji a ciki shi ne ɗan adaidaita-sahun da ya zuba kuɗin balas a kan wasan daren Asabar, da ɗalibin da ya taɓa kuɗin rajista, da yaron shagon da ya ɗebi na maigida da niyyar mayarwa in ya ci. Gidajensu suna cikin jihar da za ta karɓi harajin, kuma ita ce za ta ji da matansu da 'ya'yansu da shari'o'insu.